Daga Kumburin Muƙamuƙi zuwa Kuromosom na 8: Tarihin Gano Yadda Sankarar Kaluluwa Take Farawa

Gabatarwa

Kowane Bahaushe ya san kaluluwa. Idan yaro ya yi tuntuɓe yatsa ya yi miki, bayan kwana biyu sai wani ƙullutu ya taso masa a matsematsi, yana zafi, har ya riƙa ɗingishi. Miki na warkewa, ita ma sai ta sace. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙullutun nan dama yana wurin tun haihuwa, kumbura kawai ya yi. Akwai ɗaruruwan irinsa a wuya da hamata da ƙirji da ciki, kuma wasu siraran hanyoyi ne suka haɗa su, waɗanda ke ɗauke da wani ruwa garai-garai da likitoci ke kira limfa. A cikin ƙullutan ne fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki ke taruwa su hayayyafa duk lokacin da cuta ta shigo. Saifa da ɓargo su ma suna cikin wannan tsari.

Akwai kaluluwar da ba ta sacewa. Ba ta cika zafi ba, sai dai ƙaruwa, domin ƙwayoyin da ke cikinta sun ci gaba da hayayyafa alhali babu abokin gaban da suke yaƙa. Ita ce likitoci ke kira limfoma. Hausa tana da kalmomi uku da ake musanyawa a wannan fage, wato sankara da ciwon daji da kuma kansa, wadda aro ce. A wannan maƙala an zaɓi sankarar kaluluwa, saboda sunan yana nuna inda ciwon ya samo tushe, ko da yake, kamar yadda za a gani, yakan ɓullo a gaɓoɓin da ba a zata ba. Haka kuma duk inda aka ce ƙwaya, ana nufin ƙwayar halitta ta jikin mutum, wato ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi.

Tambayar da ta ɗauki masana fiye da shekara ɗari da hamsin ita ce: me ke mayar da ƙwayar tsaro ta zama ciwo? Babban ɓangare na amsar daga yaran Afirka aka samo shi.

Abin da aka sani kafin 1957

A 1622 wani masanin jiki ɗan Italiya, Gaspare Aselli, ya ga wasu fararen jijiyoyi a hanjin karen da ya feɗe bayan karen ya ci abinci. Bayan kimanin shekara talatin Thomas Bartholin na Denmak da Olof Rudbeck na Suwidin suka nuna cewa irin waɗannan hanyoyi sun ratsa jiki baki ɗaya. A 1832 Thomas Hodgkin, likita a asibitin Guy's da ke Landan, ya bayyana marasa lafiya bakwai da kaluluwa da saifa suka kumbura musu har ajali, kuma a 1865 Samuel Wilks ya raɗa wa ciwon sunan Hodgkin. Carl Sternberg a 1898 da Dorothy Reed a 1902 sun siffanta wata ƙatuwar ƙwaya da ake gane ciwon da ita a madubin likita.

Duk wannan siffantawa ce da raɗa suna. Game da sanadi kuwa, an daɗe ana gardama ko ciwon Hodgkin wani nau'in tarin fuka ne. A 1911 Peyton Rous ya nuna a Amurka cewa bairos na iya haddasa sankara a jikin kaza, amma mafi yawan likitoci sun ɗauki abin a matsayin matsalar kaji, sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel.

Yaron asibitin Mulago

Denis Burkitt ɗan Ailan ne, an haife shi a 1911, kuma ya rasa idonsa na dama tun yana yaro. Likitan fiɗa ne na gwamnatin mulkin mallaka, ya isa Yuganda a 1946, daga baya aka mayar da shi asibitin Mulago a Kampala. Bai taɓa zama masanin ɗakin bincike ba. A 1957 abokin aikinsa Hugh Trowell ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara biyar wanda muƙamuƙansa suka kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Sankara ba ta saba fitowa wuri huɗu lokaci guda ba, don haka Burkitt ya rubuta abin da ya gani ya ɗauki hoto. Bayan ƴan makonni, a asibitin garin Jinja, sai ya hangi wani yaron da irin wannan kumburi, da ya taɓa cikinsa kuma ya ji ƙari a ciki.

Daga nan ya koma kan tsofaffin takardun asibiti. Ya lura cewa yaran da aka rubuta suna da ƙari a muƙamuƙi sau da yawa suna da wani a ƙoda, ko a kwarmin ido, ko a ƙwan mahaifa idan mata ne. A da kowanne ana ba shi sunansa daban gwargwadon gaɓar da ya kama. Burkitt ya ce ciwo ɗaya ne. Ya buga bayanin yara 38 a wata mujallar likitocin fiɗa ta Ingila a 1958, kusan ba wanda ya kula. Abokan aikinsa masu nazarin tsoka a Makerere, Gregory O'Conor da Jack Davies, su ne suka tabbatar cewa ƙarin daga fararen ƙwayoyin tsaro ya samo asali, ke nan limfoma ce, duk da cewa ba a kaluluwa ta fi fitowa ba.

Ciwon ba sabo ba ne. Albert Cook, likitan mishan da ya kafa asibitin Mengo a 1897, ya bar bayanin irin wannan kumburi a littattafansa tun farkon ƙarni na 20, kuma babu shakka iyaye da masu maganin gargajiya sun riga kowane Bature saninsa. Gudummawar Burkitt ita ce haɗa abin da ke warwatse, sannan ya yi tambayar da ba a yi ba: a ina ake samunsa, a ina kuma ba a samu?

Taswira

Da tallafin da bai wuce fam 25 ba ya buga takardu masu hoton yaran, ya aika asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka yana tambaya ko sun taɓa ganin irin wannan. Amsoshin da suka dawo ya riƙa soka musu allura a jikin taswira. Sai allurai suka jeru kamar ɗamara a tsakiyar nahiyar, daga yamma zuwa gabas, da wata jela da ta gangara gaɓar tekun gabas zuwa Mozambik.

A watan Oktoba na 1961 shi da wasu likitocin mishan biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka hau wata tsohuwar mota ƙirar Ford domin su nemo inda ɗamarar ta tsaya ta kudu. Sun yi mako goma, sun ci kimanin kilomita 16,000, sun shiga asibitoci fiye da 50. Abin da suka tarar shi ne iyakar ciwon tudu ne. Kusa da tsakiyar duniya ba a cika ganinsa a wuraren da suka haura mita 1,500 ba, kamar tsaunukan Ruwanda da Burundi masu cike da jama'a, kuma duk yadda aka ƙara yin kudu sai iyakar ta ƙara saukowa. Alexander Haddow, masanin ƙwari a cibiyar binciken bairos ta Entebbe, shi ya fassara wannan: sanyi ne ke yanke ciwon, domin ba ya zama inda ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 15 ko kusa da haka.

Da Burkitt ya zo Afirka ta Yamma sai ya ga wani ma'aunin na biyu, wato ruwan sama. A kudancin Nijeriya mai dausayi ciwon ya yawaita, a Kano kuwa, duk da cunkoson jama'arta, da ƙyar aka nuna masa shi. A Gana ma ya yi ƙaranci a kewayen Akra, inda ruwa bai kai na dazuzzukan cikin ƙasar ba. A nan akwai abin lura. Taswirar ta dogara ne da yaran da suka isa asibiti, kuma a wancan zamani asibitoci a ƙasar Hausa ƙalilan ne. Da aka buɗe asibitocin koyarwa a Zariya da Kano, rahotanninsu sun sa wannan ciwo cikin sankarorin yara da aka fi gani. Duk da haka tushen maganar bai rushe ba, ciwon yana bin zafi da damshi.

To, wace irin sankara ce ke bin yanayi? Zafi da damshi su ne abin da sauro da ƙudan tsando ke so. Ciwon shawara, wanda bairos ne da sauro ke yaɗawa, taswirarsa ta yi kama da wannan. Saboda haka aka yi zaton wani bairos ne da ƙwaro ke ɗauka. Zaton kuskure ne, amma shi ya kai ga gano abin da ya biyo baya.

Bairos ɗin da kowa ke ɗauke da shi

Ranar 22 ga Maris 1961 Burkitt ya yi lacca a asibitin Middlesex na Landan. Cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein, wanda ke nazarin bairos ɗin kaji na Rous. Ya roƙi a riƙa aiko masa da gutsuren ƙarin daga Kampala ta jirgin sama. Fiye da shekara biyu yana nema bai ga kome ba. A watan Disamba na 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgin zuwa Manchesta, saƙon ya iso a makare, ruwan da gutsuren ke ciki ya yi gurɓi kamar ya lalace. Da Epstein ya duba a madubi sai ya ga ƙwayoyin sankara ne jijjigar tafiya ta kakkaɓo, suna yawo da ransu. Wannan ya nuna masa yadda za a rene su, a cikin ruwa suna shawagi. Da suka hayayyafa aka duba su a madubi mai aiki da lantarki, sai ga bairos. An buga sakamakon a mujallar Lancet a watan Maris 1964 da sunayen Epstein da Bert Achong ɗan Tirinidad da Yvonne Barr ƴar Ailan, aka kuma sa wa bairos ɗin suna Epstein-Barr. Shi ne na farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam.

A daidai wannan lokaci, a Ibadan, R. J. V. Pulvertaft ya yi nasarar renon ƙwayoyin wannan ciwo daga wani yaro ɗan Nijeriya a 1963. Zuriyar waɗannan ƙwayoyi tana nan ana aiki da ita a ɗakunan bincike na duniya.

Murna ba ta daɗe ba. Werner da Gertrude Henle a Filadelfiya sun ƙirƙiro gwajin jini na gano wanda ya taɓa kamuwa da bairos ɗin. Yaran Afirka masu ciwon duk suna da shi. Amma yaran Afirka masu lafiya ma suna da shi, haka manya a Amurka, kusan tara cikin goma. Ta yau yake yaɗuwa, sauro ba shi da hannu. A 1968 ma'auratan suka nuna cewa shi ne ke kawo wani zazzaɓi mai kumbura kaluluwar wuya da ke kama samari da ƴanmata a Turai da Amurka, wanda ke warkewa da kansa. Abin da ke jikin kusan kowa ba zai isa ya bayyana ciwon da ke kama yara ƙalilan a yanki guda ba.

Sai dai ba a iya wanke shi ba. A ɗakin bincike yana kama wani rukuni na fararen ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin B, ya sa su yi ta hayayyafa ba tsayawa. A 1970 Harald zur Hausen ya sami gadon bairos ɗin a cikin ƙwayoyin ƙarin kansu. Daga 1972, a zamanin mulkin Idi Amin, ayarin Guy de Thé ya ɗibi jinin yara kimanin 42,000 masu lafiya a lardin Yammacin Nilu na Yuganda, aka adana, aka jira. Rahoton 1978 ya nuna cewa yaran da ciwon ya kama daga baya, tun kafin su kwanta jininsu yana nuna alamar bairos ɗin fiye da na tsaransu.

Komawa ga sauro

Sauro ya dawo cikin lissafi ta wata ƙofar. Gilbert Dalldorf, wani masani Ba'amurke da ya yi aiki a Kenya, ya kawo shawarar cewa zazzaɓin cizon sauro ne abokin tafiyar, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1960 Burkitt ya karɓi wannan ra'ayi. Hujjojin sun yi ƙarfi. Tsibirin Zanzibar yana da zafi da damshi, amma ciwon ya yi ƙaranci a can a lokacin da aka murƙushe zazzaɓin da feshi. A wajen Afirka, wurin da aka sami ciwon da yawa shi ne Papuwa Niugini, inda zazzaɓin ke nan rani da damina. Daga baya an ga cewa yaran da suka gaji rabin sikila daga mahaifi ɗaya, waɗanda zazzaɓin ba ya yi wa tsanani, ciwon ma bai cika kama su ba. Wannan ya kuma fayyace batun ƙasar Hausa: inda rani ke da tsawo, yaro yana samun hutun wasu watanni daga cizon sauro, saɓanin yaron kurmi.

Kuskuren da ke cikin ƙwaya

Bairos da zazzaɓi duka daga waje suke zuwa. Abin da ya rage shi ne a san me ke lalacewa a cikin ƙwayar. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin gado a cikin wasu ƙunsoshi 46 da ake kira kuromosom, biyu-biyu, kowane da lambarsa. A 1972 George Manolov da Yanka Manolova, ƴan Bulgeriya da ke aiki a Suwidin, suka ga kuromosom na 14 a ƙwayoyin wannan ciwo ya fi yadda ya kamata tsawo. A 1976 Lore Zech ta nuna cewa ƙarin tsawon daga kuromosom na 8 ya ɓalle. A 1982 ayarin Carlo Croce da na Philip Leder, kowanne da kansa, suka gano abin da ke kan gutsuren: wani umarni ne mai suna MYC, wanda aikinsa shi ne ce wa ƙwaya ta girma ta rabu biyu. Wurin da ya je ya manne a kuromosom na 14 kuwa shi ne inda umarnin ƙera makaman garkuwar jiki yake, kuma a ƙwayar B wannan wuri ba ya rufuwa dare da rana. Misalinsa kamar a ɗauki famfon da ake buɗewa sa'a ɗaya a yini a haɗa shi da bututun da ba a taɓa kashewa. A kusan kashi 80 cikin ɗari na masu ciwon haka abin yake, sauran kuwa MYC yana haɗuwa ne da irin wannan wuri a kuromosom na 2 ko na 22.

Me ya sa ƙwayar B ce ke yin wannan kuskure? Amsar tana cikin sana'arta. Jiki ba zai iya tanadin makami na musamman ga kowace cuta tun haihuwa ba. Susumu Tonegawa ya nuna a 1976 cewa ƙwayar B tana yanka umarnin gadonta da kanta ta sake ɗinkewa, ta haka ake samun makamai iri-iri marasa iyaka. Idan cuta ta shigo, ƙwayoyin da makaminsu ya dace sukan shiga tsakiyar kaluluwa su yi ta rabuwa da sauri, suna ƙara yi wa umarnin gyare-gyare. Kumburin kaluluwar yaron da ya yi tuntuɓe ke nan. Sinadarin da ke wannan gyara, AID, ɗakin binciken Tasuku Honjo a Japan ne ya gano shi a 1999. Almakashi ne, kuma wani lokaci yakan yanka inda ba a sa shi ba. Idan ya yanka kusa da MYC, mai ɗinki ya haɗa bakin da ba nasa ba, an sami musayar nan ta 8 da 14.

Ko wannan bai isa ba. A 1985 Jerry Adams da Suzanne Cory da abokan aikinsu suka samar da ɓeraye waɗanda kowace ƙwayar B tasu ke ɗauke da MYC a buɗe. Ɓerayen sun kamu da limfoma, amma bayan makonni ko watanni, kuma ƙarin daga ƙwaya ɗaya tak yake tasowa cikin miliyoyi. Dalili shi ne jiki yana da birki: ƙwayar da MYC ya yi mata yawa takan kashe kanta. Sai an sami abu na biyu da ya hana ta mutuwa.

Yanzu ana iya jera labarin yadda George Klein na Istokholm ya fara tsara shi a 1979, aka kuma cike giɓinsa daga baya. Jariri ya kamu da bairos ɗin Epstein-Barr tun yana goye, bairos ya ɓuya a ƙwayoyinsa na B. Zazzaɓin cizon sauro yana kama shi a kai a kai, yana tilasta wa ƙwayoyin B hayayyafa, yana tayar da almakashin AID, yana kuma raunana ƙwayoyin T, wato ɗaya rukunin da ke sa ido kan ƙwayoyin da bairos ya shiga. Cikin wannan hayaniya ƙwaya ɗaya ta yi mummunan ɗinki. Da ita kaɗai ce da ta mutu, amma bairos ɗin da ke cikinta, ko wani lahani a umarnin birki irin su TP53, ya tsare ta. Daga ita sai biyu, sai huɗu, kuma ƙarin yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa ciwon ya fi kama yara ƴan shekara huɗu zuwa tara, maza fiye da mata. A 2012 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon ta sa zazzaɓin falsifarum, a yankunan da yake nan duk shekara, cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa sankara.

Hujjar cewa musayar kuromosom ita ce cibiya ta fito daga wajen ɗamarar. Ana samun limfomar Burkitt jefi-jefi a Turai da Amurka, inda babu zazzaɓin, kuma mafi yawansu babu bairos ɗin a ciki, amma MYC ya ƙaura. Tun daga 1982 an riƙa ganinta a masu ciwon ƙanjamau. Hanyoyi sun bambanta, mahaɗar ɗaya ce.

Sauran sankarorin kaluluwa an fahimce su da wannan fitila. A tsakiyar shekarun 1980 aka gano wata mai tafiyar hawainiya wadda musayarta tsakanin 14 da 18 ce, inda umarnin BCL2 mai hana mutuwar ƙwaya ya zauna a buɗe. A 1993 aka nuna cewa wata limfoma ta tumbi, wadda ƙwayar cutar gyambon ciki ke tayarwa, tana iya bajewa idan an kashe cutar da magani. A 1994 Ralf Küppers da abokansa a Jamus suka tabbatar cewa ƙatuwar ƙwayar Reed da Sternberg ita ma ƙwayar B ce da ta lalace a tsakiyar kaluluwa, shekara 162 bayan takardar Hodgkin.

Magani

Saurin da ya sa ciwon yake kisa cikin watanni shi ne kuma lagonsa, domin magungunan sankara sun fi cin ƙwayar da ke rabuwa. Tun farkon shekarun 1960 Burkitt a Kampala da Peter Clifford a Nairobi da Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ke fiɗa a Ibadan, suka ga ƙarin da ya cika fuska yana narkewa cikin kwanaki bayan allura ɗaya ko biyu ta methotrexate ko cyclophosphamide, wasu yaran kuma bai sake dawo musu ba. Wannan yana cikin shaidun farko cewa magani kaɗai, ba fiɗa, na iya warkar da sankara. A 1967 aka buɗe cibiyar jinyar limfoma a Kampala, kuma a 1972 Burkitt da Ngu suna cikin waɗanda aka ba kyautar Lasker ta Amurka. Burkitt ya rasu a 1993, Epstein a 2024 yana da shekara 102.

A ƙasashe masu arziki yara tara cikin goma masu wannan ciwo suna warkewa. A yawancin asibitocin Afirka kudu da Sahara, inda aka gano ciwon aka kuma fara gwada maganinsa, waɗanda ke tsira ba su cika wuce rabi ba. Alamar farko sau da yawa haƙora ne ke girgiɗi, sai a ɗauka ciwon haƙori ne a cire, ko a yi ta shafe-shafe, makonni su wuce. Waɗanda suka isa asibiti kuma kuɗin magani da na mota da na ƙarin jini sukan sa iyaye su koma gida kafin a kammala allurai. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa limfomar Burkitt cikin sankarorin yara shida da ta ba fifiko, da burin a kai ga ceton aƙalla kashi 60 cikin ɗari na yara masu sankara kafin 2030.